Kantun kuzari

Kantun kuzari, wanda masu sayar da kayan wasanni ke kira eneji ba, wani nau'in abinci ne da ake matsewa ya zama ɗan curi mai kusurwa huɗu, a naɗe shi a leda, domin mai motsa jiki na tsawon lokaci ya ci a kan hanya ba tare da ya tsaya ba. Galibi ana haɗa shi da hatsi, busassun 'ya'yan itatuwa, gyaɗa ko danginta, da wani abin zaƙi mai danƙo da ke riƙe haɗin. Nauyin guda ɗaya yakan kama daga giram 40 zuwa 70, kuma yakan ba da kalori 150 zuwa 300. Mafi yawan wannan kalori daga kabohaidiret yake fitowa, wato sitaci da sukari.

Masu tseren keke, masu gudun fanfalaki, masu hawan tsaunuka da masu doguwar tafiya a ƙafa su ne suka fi amfani da shi. Amfaninsa ya dogara ne da tsawon aikin da ake yi, da tsananinsa, da kuma abin da cikin mutum zai iya ɗauka yana cikin motsi. Ya fi dacewa da aiki mai tsawo wanda ba a cika sauri ba. Idan gudu ya yi tsanani, abin sha ko ruwan sukari mai kauri da ake kira jel sun fi sauƙin shiga. Binciken masana ya nuna cewa sukarin da ke cikinsa bai fi na ayaba ko zabibi aiki a jiki ba; abin da ya fi su da shi shi ne sauƙin ɗauka, daɗewa bai lalace ba, da sanin adadin abin da aka ci.

Tarihi

Matse abinci mai ƙosarwa ya zama guzuri mara nauyi tsohuwar dabara ce. 'Yan asalin Arewacin Amurka suna da wani guzuri mai suna pemmican, wanda ake yi da dakakken busasshen nama da narkakken kitse, wani lokaci a zuba 'ya'yan itatuwa. Turawa masu fataucin fata da masu binciken yankunan ƙanƙara sun karɓi wannan guzuri daga gare su. A Ingila kuma akwai alewar garin Kendal, wadda ake yi da sukari da man na'a-na'a. Tana cikin guzurin ayarin da ya kai Edmund Hillary da Tenzing Norgay ƙololuwar tsaunin Everest a shekarar 1953.

A shekarar 1937 kamfanin Hershey ya yi wa sojojin Amurka wani kantun cakulan na ko-ta-kwana, mai nauyin giram 113 da kalori kusan 600. An yi shi yadda ba zai narke da wuri a zafi ba, kuma da gangan aka rage masa daɗi don kada sojoji su cinye shi kafin lokacin buƙata. A ƙarshen shekarun 1960 kamfanin Pillsbury, wanda ya yi aikin abincin 'yan sama jannati, ya fito da Space Food Sticks zuwa kasuwa. Ana ɗaukarsa a matsayin ɗaya daga cikin magabatan kantun kuzari na yau.

Kantun da aka yi musamman don 'yan wasa ya bayyana a shekarar 1986, lokacin da Brian Maxwell ya fara sayar da PowerBar a garin Berkeley na jihar Kalifoniya. Maxwell ɗan Kanada ne, kuma shi ya zo na uku a gudun fanfalaki na Boston a 1977. Ya yi aikin tare da Jennifer Biddulph, ɗalibar ilimin abinci wadda daga baya ya aura. Manufarsu ita ce abinci mai yawan kabohaidiret da ƙarancin maiƙo, wanda ba zai zauna a ciki ba. Kamfanin Nestlé ya sayi PowerBar a shekarar 2000 kan dala miliyan 375.

A 1992 Gary Erickson ya fito da Clif Bar, wanda ya raɗa wa sunan mahaifinsa Clifford. Nasa ya fi kama da abin da aka gasa a gida, da hatsin ots a cikinsa. Kamfanin Mondelez ya saye shi a 2022 kan dala biliyan 2.9. A 2003 aka fara sayar da Lärabar, wanda tushensa dabino ne da dangin gyaɗa. Daga nan kasuwar ta faɗaɗa, har ya zama akwai masu cin irin wannan kantu a ofis da makaranta a matsayin abin taɓa ka lashe, ba tare da wata alaƙa da wasa ba.

Abubuwan da ke ciki

Kabohaidiret shi ne ƙashin bayan kantun kuzari. Guda ɗaya yakan ƙunshi giram 20 zuwa 45. Yana fitowa daga hatsin ots, shinkafa, dabino, zabibi, zuma, ruwan sukarin shinkafa ko na masara, da wani garin sitaci mai saurin narkewa da ake kira maltodekstirin. Kowane giram ɗaya na kabohaidiret yana ba da kalori 4.

Furotin, wato sinadarin gina jiki, ana samo shi daga madara, waken soya ko gyaɗa. Shi ma giram ɗaya kalori 4 ne, amma babban aikinsa gyaran tsoka ne bayan an gama wasa.

Maiƙo yana zuwa daga gyaɗa, yazawa, kwakwa, riɗi ko cakulan. Giram ɗaya yana ba da kalori 9, sama da ninki biyu na sukari, sai dai yana jinkirta fitar abinci daga tumbi zuwa hanji.

Harza ita ce ɓangaren tsiro da hanji ba ya narkarwa. Tana da amfani a abincin yau da kullum, amma ana cikin gudu takan jawo kumburi da murɗawar ciki.

Gishiri yana cikin mafi yawan kantuna, amma ɗan kaɗan. Lita ɗaya ta gumi takan fita da sodiyam kusan giram 1, ko da yake mutane sun bambanta ƙwarai, alhali kantu ɗaya ba kasafai yake wuce miligiram 200 ba. Saboda haka ba a dogara da shi wajen mayar da gishirin da ya fita.

Wasu kamfanoni suna ƙara kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi da goro, wasu kuma su ƙara bitamin. Ana rage ruwan da ke cikin haɗin sosai don ƙwayoyin cuta su kasa hayayyafa, abin da ke sa kantu ya yi watanni bai lalace ba.

Ire-irensa

Kayan da ake sayarwa da wannan suna sun kasu kashi-kashi, kuma rikita su yana cikin kurakuran da sababbin 'yan wasa suka fi yi.

Na ci ana cikin wasa: mai yawan kabohaidiret, mai ƙarancin maiƙo da furotin da harza, kowannensu bai wuce 'yan giram kaɗan ba. Yakan kasance mai laushi don saurin taunawa.

Na doguwar tafiya: mai gyaɗa da 'ya'yan itatuwa, mai yawan maiƙo. Yana riƙe ciki, kuma yana ba da kalori mai yawa a nauyi kaɗan.

Na bayan wasa: mai furotin giram 15 zuwa 25 tare da kabohaidiret. Bai dace a ci shi ana cikin tsere ba.

Na maye gurbin abinci ko rage ƙiba: sau da yawa an rage masa sukari an sa wasu abubuwan zaƙi a madadinsa, don haka ba ya biyan buƙatar mai tsere.

Yadda jiki ke samun ƙarfi a dogon wasa

Tsoka tana ƙona abubuwa biyu don yin aiki: maiƙo da kabohaidiret. Ajiyar maiƙo tana da yawa, domin ko siririn ɗan wasa yana ɗauke da kitsen da ya haura kalori 40,000. Amma jiki yana ƙona maiƙo a hankali ne, kuma da zarar gudu ya yi tsanani sai tsoka ta karkata ga kabohaidiret.

Jiki yana ajiye kabohaidiret a sifar gilaikojin, kimanin giram 400 a tsoka da kimanin giram 100 a hanta. Jimillarsu kusan kalori 2,000 ce. Mai gudu yana kashe kusan kalori 1 a kan kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita. Ke nan mai nauyin kilo 65 zai kashe wajen kalori 2,700 kafin ya kammala kilomita 42.195 na gudun fanfalaki. Wannan giɓi ne ke sa ƙarfin masu gudu da yawa yake yankewa tsakanin kilomita 30 da 35. Ƙafafu su yi nauyi, gudu ya ragu, kuma idan sukarin jini ya faɗi sai jiri da ruɗewa su biyo baya.

Likitoci a Boston sun lura da haka tun 1924, lokacin da suka auna jinin wasu da suka kammala tseren garin suka tarar sukarinsu ya yi ƙasa ƙwarai. Da shekara ta zagayo suka ba wasu masu gudu alewa su riƙa sha a hanya, kuma yanayinsu a ƙarshen tsere ya fi na bara kyau. A shekarun 1960 masana biyu a ƙasar Suwidin, Jonas Bergström da Eric Hultman, suka riƙa tsakuro ɗan ƙaramin nama daga tsoka da allura suna aunawa. Aikinsu da na abokan aikinsu ya nuna cewa yawan gilaikojin da mutum ya fara da shi yana da alaƙa kai tsaye da tsawon lokacin da zai jure.

Cin kabohaidiret ana cikin wasa yana riƙe sukarin jini, yana rage cin ajiyar hanta, kuma yana ba tsoka abin ƙonawa lokacin da tata ajiyar ta ja baya. Wannan shi ne aikin kantun kuzari.

Iyakar abin da hanji ke iya tsotsa

Ba duk sukarin da aka haɗiye ne ke isa ga tsoka nan take ba. Gulukos yana ratsa bangon ƙaramin hanji ta wata ƙofa mai suna SGLT1, wadda ba ta iya wuce da fiye da kusan giram 60 a awa ɗaya. Abin da ya haura haka yakan tsaya a hanji, ya jawo ruwa, ya haddasa kumburi ko zawo. Furuktos, sukarin da ya fi yawa a zuma da 'ya'yan itatuwa, yana bi ta wata ƙofa dabam mai suna GLUT5.

Binciken da Asker Jeukendrup da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Birmingham a farkon shekarun 2000 ya nuna cewa idan aka haɗa sukarin biyu, jiki yana iya amfani da kusan giram 90 a awa. Daga nan ne kamfanoni suka fara haɗa kaso biyu na gulukos da kaso ɗaya na furuktos. A 'yan shekarun nan wasu ƙwararrun masu tseren keke suna kaiwa giram 120 a awa, amma sai bayan sun daɗe suna sabar wa cikinsu.

Adadi da lokacin ci

A shekarar 2016 Kwalejin Likitancin Wasanni ta Amurka da ƙungiyoyin masana abinci na Amurka da Kanada suka fitar da matsaya ta haɗin gwiwa. Ga abin da ta ƙunsa game da kabohaidiret:

Wasan da bai kai minti 45 ba: ba a buƙatar cin komai.

Wasa mai tsanani na minti 45 zuwa 75: ɗan kaɗan ya isa, har kurkure baki da ruwan sukari yana taimakawa.

Awa 1 zuwa awa 2 da rabi: giram 30 zuwa 60 a kowace awa.

Fiye da awa 2 da rabi ko 3: har zuwa giram 90 a kowace awa.

Kafin wasa: giram 1 zuwa 4 a kan kowane kilo na nauyin jiki, awa 1 zuwa 4 kafin a fara.

Bayan wasa, idan akwai wani wasan cikin ƙasa da awa 8: giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo a kowace awa, na tsawon awa 4 na farko.

Waɗannan alƙaluma na kabohaidiret ne, ba na nauyin kantun ba. Kantu mai nauyin giram 60 yana iya ƙunsar kabohaidiret giram 40 kacal, saura kuwa maiƙo ne da furotin da ruwa. Misali, mai tuƙa keke na awa 4 da ke neman giram 60 zuwa 70 a awa zai iya cin kantu ɗaya mai giram 40, ya haɗa da rabin lita na abin sha mai giram 30. Masu horarwa sukan ba da shawarar a fara ci tun cikin awar farko, kafin yunwa ta kama, kuma a gutsura kaɗan-kaɗan duk bayan minti 15 zuwa 20 maimakon a cinye lokaci guda.

Ruwa wajibi ne tare da kantu. Busasshen abinci mai zaƙi yana daɗewa a tumbi idan babu ruwan da zai tsinka shi. Haɗa kantu da jel da abin sha mai sukari duk a lokaci ɗaya ba tare da lissafi ba yakan zarce abin da hanji zai ɗauka.

Kwatanci da jel da abin sha

A wani gwaji da Beate Pfeiffer da abokan aikinta suka wallafa a 2010, an ba masu tuƙa keke sukari iri ɗaya, wani lokaci a kantu wani lokaci a ruwa. An tarar jiki yana ƙona su kusan daidai, matuƙar kantun mai ƙarancin maiƙo da furotin da harza ne. Wani gwaji da aka yi a ƙasar New Zealand aka wallafa a 2017 ya sa masu keke sun yi aiki mai tsanani, inda aka tarar masu cin kantu sun fi kokawa da tashin zuciya da cikar ciki, kuma ƙarfinsu a ƙarshe bai kai na masu jel ko abin sha ba. Sakamakon biyu ba su saɓa wa juna ba: bambancin yana ga tsananin aikin.

Idan mutum yana aiki da iyakar ƙarfinsa, jini yakan bar kayan ciki ya tafi tsoka da fata, har kwararsa zuwa hanji ta ragu da kusan kashi 80 cikin 100. Narkar da abinci mai tauri a wannan hali yana da wuya. Bugu da ƙari, mai haki ba ya iya tauna cikin natsuwa, kuma akwai haɗarin shaƙewa. Shi ya sa manyan masu gudun fanfalaki suka fi dogara da abin sha da jel. Lokacin da Eliud Kipchoge na Kenya ya gudu tsawon fanfalaki cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Vienna a watan Oktoba na 2019, gorunan abin sha ne ake miƙa masa daga kan keke.

A ɗaya ɓangaren, kantu yana kashe yunwa, abin da jel ba ya yi. Wanda ya shafe awa 6 ko 10 a hanya yana buƙatar abin da zai tauna.

Amfani a wasanni dabam-dabam

Tseren keke shi ne inda kantun kuzari ya fi samun karɓuwa. Mai keke a zaune yake, cikinsa ba ya girgiza kamar na mai gudu, kuma rigarsa tana da aljihu uku a baya. A gasar Tour de France mai zango 21, ɗan tsere yakan kashe kalori kusan 6,000 a rana, ya zarce haka a ranakun tsaunuka. Ana miƙa musu jakar yadi a wuraren da aka ware, mai ɗauke da kantuna, jel da curin dafaffiyar shinkafa. Sukan ci abinci mai tauri a farkon zango, su koma jel idan an doshi ƙarshe ko an fara hawa.

A gasar Ironman, wadda ta haɗa iyo na kilomita 3.8, keke na kilomita 180 da gudu na kilomita 42.2, mafi yawan cin abinci a kan keke ake yi. Da yawa sukan daina cin mai tauri kafin su sauka, don ciki ya yi sauƙi kafin gudu.

A gudun da ya zarce tsawon fanfalaki, saurin ya fi raguwa, don haka ciki ya fi karɓar abinci. Matsalar da ke tasowa ita ce gundura da zaƙi, domin bayan sa'o'i da yawa baki yakan ƙi duk wani abu mai sukari. A tseren Comrades na Afirka ta Kudu, mai kusan kilomita 90, ana raba dafaffen dankali da gishiri da ayaba a bakin hanya. Wasu kamfanoni ma suna yin kantu mai gishiri-gishiri saboda wannan dalili.

A tseren Marathon des Sables da ake yi a hamadar Maroko tun 1986, mai kusan kilomita 250 cikin mako guda, kowa yana goye da abincinsa a baya, kuma dokar tseren ta wajabta aƙalla kalori 2,000 ga kowace rana. A nan nauyi ne abin lissafi. Kantun sukari yana ba da ƙasa da kalori 4 a giram, na gyaɗa kuwa yakan kai 5, don haka mai maiƙon ya fi riba. Haka lamarin yake ga masu hawan tsaunuka.

Sauƙin ɗauka da ajiya

Kantu ba ya buƙatar firji ko wuta, ba ya zuba, kuma ba ya dagargajewa a aljihu kamar ayaba. An rubuta adadin abin da ke ciki a jikin leda, wanda ke sauƙaƙa lissafi. Amma yanayi yana shafarsa. Man cakulan yana narkewa a zafin da ya kai kusan digiri 34, saboda haka mai rufin cakulan yakan zama kwaɓaɓɓe a ƙasashe masu zafi. A tsananin sanyi kuma wasu sukan daskare su yi taurin da zai iya cutar da haƙori, shi ya sa masu hawan tsauni ke sa su a aljihun ciki kusa da jiki.

Buɗe leda da hannu ɗaya, ko da hannu mai gumi ko safa, yana da wuya. Masu keke sukan yage bakin ledar tun a gida, ko su yanka kantun gida uku. Ledar kanta ta zama matsalar shara a hanyoyin tsere. Daga watan Afrilu na 2021 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta tsananta hukunci kan ɗan tseren da ya yar da shara a wajen wuraren da aka keɓe.

Tsada ma abin dubawa ce. Idan aka kwatanta giram da giram na kabohaidiret, kantun kamfani yakan ninka kuɗin ayaba, burodi ko dabino sau da yawa, musamman a ƙasashen da ake shigo da shi daga waje.

Matsaloli da abubuwan kiyayewa

Ciwon ciki shi ne ƙorafin da ya fi yawa. Ƙwannafi, tashin zuciya, kumburi da zawo sun zama ruwan dare ga masu dogon gudu, kuma maiƙo da harza da yawan furuktos suna ƙara su. Wasu kantuna suna ɗauke da abubuwan zaƙi irin su maltitol da sobitol, waɗanda hanji ba ya tsotsewa sosai, kuma an san suna sa zawo. Ana iya horar da ciki ta hanyar ci a lokacin atisaye na makonni. Ƙa'idar da masu horarwa suka yi ittifaƙi a kai ita ce kada a gwada sabon abinci ranar gasa.

Ga wanda ba ya motsa jiki sosai, kantun kuzari bai bambanta da alewa ko biskit ba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wato kusan giram 50 ga mai cin kalori 2,000. Kantu ɗaya yana iya cinye kusan rabin wannan. Mai ciwon sukari yana buƙatar shawarar likita kan yadda zai daidaita abinci da magani a dogon wasa.

Haƙora ma suna shan wahala, domin abu mai danƙo yana manne musu a lokacin da baki ya bushe, yawu ya ragu. Wani bincike da aka yi kan 'yan wasan da suka je asibitin haƙori a gasar Olamfik ta Landan a 2012 ya tarar fiye da rabinsu suna da ruɓewar haƙori.

Gyaɗa, madara, waken soya da alkama suna cikin abubuwan da jikin wasu mutane ba ya jituwa da su, kuma kusan kowane kantu yana da ɗaya daga ciki. Game da kafeyin, an cire shi daga jerin haramtattun abubuwa na hukumar WADA a 2004, amma yawansa yana kawo bugun zuciya da rashin barci. Ƙwararrun 'yan wasa suna taka-tsantsan da kayan da aka ƙara wa ganyayyaki ko sinadaran ƙara ƙarfi, domin a dokar WADA ɗan wasa ne ke da alhakin duk abin da aka samu a jikinsa. Wani bincike da aka yi a birnin Kolon na Jamus aka wallafa a 2004 ya auna kayan ƙarin abinci 634, ya tarar kusan kashi 15 cikin 100 suna ɗauke da haramtattun sinadarai da ba a rubuta a jikinsu ba. Saboda haka wasu kamfanoni ke kai kayansu gwaji ƙarƙashin tsare-tsare irin su Informed Sport.

Abincin da ke iya maye gurbinsa

Gwaje-gwaje da dama sun kwatanta abincin gida da na kamfani. A 2012 masu bincike a Jami'ar Appalachian ta Amurka sun tarar ayaba ta yi daidai da abin shan 'yan wasa a tseren keke na kilomita 75. A shekarar kuma wani gwaji a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya nuna zabibi ya yi aiki daidai da alewar 'yan wasa. A 2019 masu bincike a Jami'ar Illinois sun samu irin wannan sakamako da markaɗaɗɗen dankalin turawa, sai dai masu cinsa sun fi kokawa da kumburin ciki saboda yawan abin da sai an ci kafin a cika adadin.

Matsakaiciyar ayaba tana da kabohaidiret kusan giram 27, babban cokalin zuma giram 17, busasshen dabino kuwa kusan giram 75 a cikin kowane giram 100. Binciken da aka wallafa a 2004 kan manyan masu gudu na Kenya ya nuna kusan kashi 76 cikin 100 na kalorinsu daga kabohaidiret yake, mafi yawa daga ugali, wanda tuwon masara ne, da burodi, shinkafa da shayi mai madara da sukari.

Ana iya yin kantu a gida ta hanyar kirɓa dabino da hatsin ots ko soyayyar shinkafa, a zuba zuma da ɗan gishiri, a daddanne a faranti a yanka. Na gida ya fi araha, amma ba ya daɗewa kamar na kamfani, kuma sai an auna kayan haɗin kafin a san adadin abin da ke ciki. A ƙasar Hausa, dakuwa da kantun riɗi da alewar gyaɗa suna kama da nau'in doguwar tafiya, domin kusan rabin nauyin gyaɗa da na riɗi mai ne. Sun dace da tafiya ko tuƙin keke a hankali, amma sun yi nauyi ga mai gudu da sauri, wanda dabino ko ayaba suka fi yi wa sauƙi. Ana guje wa gyaɗar da ta yi fumfuna wajen irin wannan haɗi, saboda gubar afalatoksin da ke cutar da hanta.